Matse Bayanai Masu Alaƙa a Fayil Guda: Tsarin HDT da Dacewarsa da Kudancin Jihar Kano

1. Siffar bayanai masu alaƙa

Tsarin RDF hanya ce ta rubuta sani ta yadda kwamfuta za ta iya bin sawunsa daga wannan rumbun bayanai zuwa wancan. Ƙungiyar W3C, mai shimfiɗa ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi a 1999, ta sake masa fasali a 2004 da kuma 2014. Ginshiƙinsa guda ne: kowace magana ana kakkarya ta zuwa gajerun jumloli masu gaɓa uku, wato aikau, alaƙa da karɓau. Idan aka ce madatsar ruwa ta Tiga tana kan Kogin Kano, an yi jumla ɗaya. Idan aka ƙara cewa an kammala ta a 1974, an yi ta biyu. Da aikau da alaƙa, da mafi yawan karɓau, kowanne yana da adireshin shaida irin na yanar gizo wanda ba ya tarayya da kowa a cikinsa. A 2006 Tim Berners-Lee ya tsara ƙa'idoji huɗu na wallafa irin waɗannan bayanai: a ba kowane abu adireshi, adireshin ya kasance wanda ake iya buɗewa a intanet, wanda ya buɗe shi ya tarar da bayani mai amfani cikin tsari sananne, sannan bayanin ya yi nuni zuwa wasu adiresoshin. Rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012 kuma yake ɗauke da abubuwa sama da miliyan 100, shi ne misalin da ya fi kusa da masu rubuta Wikipedia ta Hausa. A cikinsa lambar Najeriya Q1033 ce, alaƙar da ke nuna yankin mulkin da wuri yake ciki kuwa P131.

Buƙatar irin wannan shaida tana fitowa fili idan aka dubi ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano: Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Suna da mazaɓu 50 a jumlace, 14 a Bebeji, 15 a Kiru, 11 a Tudun Wada, 10 a Doguwa, kuma an haɗa su biyu-biyu a majalisar wakilai ta tarayya, Kiru da Bebeji kujera ɗaya, Doguwa da Tudun Wada kujera ɗaya. Ƙidayar 2006 ta ba su mutane sama da 800,000. Bayanan da suka shafe su a warwatse suke. Hukumar zaɓe tana da jerin mazaɓu da rumfuna, hukumar ƙidaya tana da nata rabon yankuna, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tana riƙe da na ruwan Tiga da magudanansa, ma'aikatan lafiya kuma suna da taswirar ƙauyuka da rugage wadda aka sha wahalar haɗawa a shekarun yaƙi da shan inna. Kowace hukuma da yadda take rubuta suna. Akwai mazaɓa mai suna Maraku a Kiru, akwai wata Marakun a Doguwa. Garin da aka sani da haƙar kuza wasu takardu suna rubuta shi Riruwai, wasu Ririwai. Tudun Wada kuwa suna ne da ake samu a Zariya da Kaduna da Jos da cikin birnin Kano kansa, shi ya sa mutanen yankin suke cewa Tudun Wadan Dankadai don su raba gardama. Abin da baki yake yi da wannan ƙarin suna, shi adireshin shaida yake yi wa kwamfuta.

2. Nauyin rubutu da tsadar tambaya

Wannan tsabta tana da farashi. Adireshin kowane abu a Wikidata yana farawa da haruffa 31 iri ɗaya kafin a kai ga lambar da ta bambanta shi, adireshin alaƙa kuma da haruffa 36. A salon N-Triples, wanda ke rubuta kowace jumla a layinta ba tare da taƙaitawa ba, maganar da ba ta wuce cewa mazaɓar Ƙofa tana cikin Bebeji ba takan ci kusan bait 130. Galibin wannan nauyi maimaici ne. Salon Turtle da JSON-LD suna rage shi ta hanyar laƙabi, amma dukkansu rubutu ne da dole kwamfuta ta karanta daga farko har ƙarshe kafin ta san abin da ke ciki.

Abin da aka saba yi shi ne a matse fayil da gzip ko bzip2 kafin a wallafa. Hakan yana rage nauyin saukewa ƙwarai, sai dai fayil ɗin yana zama kamar ɗinkakken buhu: mai neman mudu ɗaya sai ya farke shi ya zazzage duka. Wanda ya sauke sai ya warware matsin, ya loda jumlolin cikin manhajar rumbu, ya jira ta gina fihirisa, sannan ya iya yin tambaya ta farko. A manyan rumbuna wannan aiki yakan ɗauki kwanaki a kan kwamfuta mai ƙarfi, kuma duk wanda ya sauke sai ya maimaita shi daga tushe.

Hanya ta biyu ita ce mai bayanan ya buɗe ƙofar tambaya a sabarsa, jama'a su riƙa aiko da tambayoyi cikin harshen SPARQL, wanda W3C ta amince da shi a 2008. A nan nauyin ya koma kan mai wallafa, domin tambaya guda mai sarƙaƙiya tana iya durƙusar da saba. Wani bincike da Carlos Buil-Aranda da abokan aikinsa suka gabatar a 2013, bayan sun sa ido a kan irin waɗannan ƙofofi 427, ya nuna kusan kashi ɗaya bisa uku ne kaɗai suke a buɗe kusan kowane lokaci. Ƙofar Wikidata kanta tana katse duk tambayar da ta haura daƙiƙa 60. Ga ma'aikacin gona da ke aiki a ƙauyukan gefen dajin Falgore, matsalar ta riga ta faro tun kafin a kai ga saba: sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wuta ba tabbas, kuɗin data kuma ya ƙaru bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Duk tsarin da ya shar'anta cewa sai da intanet a daidai lokacin tambaya ya fitar da irin wannan ma'aikaci daga lissafi.

3. Yadda HDT yake aiki

Javier Fernández da Miguel Martínez-Prieto na Jami'ar Valladolid a Sifen, tare da Claudio Gutiérrez na Jami'ar Chile, su ne suka gabatar da HDT a 2010, aka miƙa shi ga W3C a 2011. Bai kai matsayin ƙa'idar da ƙungiyar ta zartar ba, amma ya samu karɓuwa a aikace. Haruffan uku suna wakiltar sunayen sassan fayil ɗin ne da Turanci: goshi, ƙamus da jumloli. Manufarsa ita ce a gina fihirisa sau ɗaya a wurin mai wallafa, a matse ta, a raba ta haka nan, mai karɓa ya fara tambaya ba tare da ya warware komai ba.

Goshi gajere ne. Yana faɗin abin da fayil ya ƙunsa, yawan jumlolinsa, lokacin da aka fitar da shi da makamantansu, kuma shi ma da RDF aka rubuta shi.

Ƙamus shi ne inda ake kashe maimaici. Kowane adireshi da kowane rubutu ana ajiye shi sau ɗaya tak, a ba shi lamba, daga nan lambar ce ke yawo a madadinsa. An raba ƙamus gida huɗu: abubuwan da ke fitowa a matsayin aikau da karɓau duka, waɗanda aikau ne kawai, waɗanda karɓau ne kawai, sai alaƙoƙi. A kowane gida ana jera kalmomin bi da bi, a yanka jerin zuwa ƙungiyoyi, galibi goma sha shida-shida. Kalmar farko a ƙungiya ana rubuta ta cikakkiya, kowace mai bi mata kuwa sai a rubuta adadin haruffan farko da ta yi tarayya da ta gabanta, a biyo da ragowar. Adiresoshi masu dogon mafari iri ɗaya suna narkewa ta wannan hanya. Abin lura a nan shi ne dabarar ta dace da sunayen wuraren ƙasar Hausa fiye da yadda masu ƙirƙirarta suka yi tsammani, saboda ginin sunan Hausa yana sa kalmar gama-gari a gaba: Unguwar kaza, Gidan wane, Rugar wane, Sabon Garin kaza, Kwanar kaza. Idan Unguwar Malamai ta biyo bayan Unguwar Madaki, abin da za a ajiye shi ne lamba 10 da haruffa biyar na ƙarshe. A jerin ƙauyukan ƙaramar hukuma guda, ɗaruruwan sunaye suna iya faɗawa cikin irin waɗannan gidaje kaɗan.

Sashen jumloli ya fi buƙatar misali. A ɗauki jumloli bakwai: Kiru tana cikin Kano, kuma nau'inta ƙaramar hukuma; dajin Falgore yana cikin Doguwa, yana cikin Tudun Wada, nau'insa gandun daji; Ɗangora tana cikin Kiru, nau'inta mazaɓa. Don sauƙi an yi amfani da sunaye a maimakon adiresoshi. Kiru ce kaɗai ta fito a matsayin aikau da karɓau, saboda haka ita ce lamba 1 a ɓangarorin biyu. A aikau, Falgore 2, Ɗangora 3. A karɓau, Doguwa 2, Kano 3, Tudun Wada 4, gandun daji 5, mazaɓa 6, ƙaramar hukuma 7. Alaƙoƙi biyu ne: "cikin" 1, "nau'i" 2. Da zarar an jera jumlolin bisa lambar aikau, ba sauran buƙatar rubuta aikau ɗin, tunda an san na farko shi ne 1, na biyu 2, haka har ƙarshe. Abin da ya rage layuka huɗu ne:

Jerin alaƙoƙi: 1 2 1 2 1 2
Alamun iyakarsu: 0 1 0 1 0 1
Jerin karɓau: 3 7 2 4 5 1 6
Alamun iyakarsu: 1 1 0 1 1 1 1

A layukan alamu, 1 yana nufin nan rukuni ya ƙare, 0 kuma yana nufin da saura. Mai son sanin inda Falgore yake zai nemi lambarsa a ƙamus, ya ga 2. A alamun alaƙoƙi, 1 na farko yana gurbi na biyu, 1 na biyu yana gurbi na huɗu, ke nan alaƙoƙin Falgore suna gurbi na uku da na huɗu, kuma "cikin" ita ce ta gurbi na uku. Sai a koma alamun karɓau a nemi rukuni na uku, wanda ya fara bayan 1 na biyu ya ƙare a 1 na uku, wato gurbi na uku da na huɗu. Lambobin da ke wurin 2 da 4 ne, ƙamus ya mayar da su Doguwa da Tudun Wada. A fayil mai jumloli bakwai wannan ƙirga da ido ake yin ta. A mai jumloli biliyan ɗaya, ana ɗora wa layukan alamu ƙaramin jadawali na taimako wanda ke ba da amsar "ina 1 na kaza yake" da "1 nawa ne kafin wannan gurbi" kusan nan take, ba tare da an bi layin daga farko ba. Wannan ita ce zuciyar tsarin, kuma daga binciken tsararrun ma'ajiyar bayanai masu ƙarancin gurbi aka aro ta.

Jerin da ya fara da aikau yana amsa tambayar da ta san aikau. Tambaya irin ta "waɗanne mazaɓu ne ke cikin Kiru" ta san karɓau ne kawai. Domin irinta aka ƙara wata fihirisa a 2012, wadda mai karɓa yake ginawa sau ɗaya a kan kwamfutarsa, a ajiye ta a fayil na biyu kusa da na farko. Da ita ake amsa kowace tambaya mai gaɓa uku, ko wace gaɓa ce aka bari a buɗe. Manhajar ba ta ɗora fayil ɗin gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɓangaren da ake buƙata kawai take janyowa daga faifai. Sassan fayil kuma suna ɗauke da lambobin tantancewa da ke tona asirin kwafin da ya lalace a hanya, abin da ke da muhimmanci ga fayil ɗin da zai bi ta hannaye da yawa.

4. Lissafin nauyi

Misalin da ya fi nuna iyakar ƙarfin tsarin shi ne LOD-a-lot na 2017, inda aka tattara rumbuna kusan 650,000 da aikin LOD Laundromat na Amsterdam ya tsabtace, aka zuba jumloli sama da biliyan 28 a fayil guda. Da fihirisarsa, nauyinsa ya ɗan haura rabin terabait, kuma ana iya yi masa tambaya da ƙwaƙwalwar da ba ta kai gigabait 16 ba. Ruben Verborgh da abokan aikinsa na Jami'ar Ghent a Beljiyam sun ɗora wata dabara a kan HDT tun 2014: saba mai arha ta riƙa amsa tambayoyi masu sauƙi kawai, manhajar mai tambaya ta harhaɗa amsoshin da kanta.

Kudancin Kano ba ya buƙatar biliyoyi. A ƙaddara, don lissafi kawai, an tattara abubuwa 5,000 daga ƙananan hukumomin huɗu, ƙauyuka da makarantu da asibitoci da rijiyoyin burtsatse da kasuwanni, kowanne da jumloli goma. Jumloli 50,000 ke nan, waɗanda a N-Triples za su kai kusan megabait shida da rabi. Idan alaƙoƙin ba su wuce 20 ba, bit biyar ya ishi kowace. Idan karɓau mabambanta sun kai 30,000, bit 15 ya ishe su. A haɗa da bit biyu na alamun iyaka, kowace jumla ta tsaya a bit 22, bai kai bait uku ba, sashen jumlolin duka kuma bai wuce kilobait 140 ba. Ƙamus ne zai ci mafi yawan gurbi, musamman lambobin taswira, waɗanda ba sa maimaituwa. Duk da haka fayil ɗin ba zai kai nauyin waƙa guda a waya ba.

Gaskiya ita ce a irin wannan girma gzip ma zai ba da ƙaramin fayil, wani lokaci ƙarami fiye da na HDT, kuma ɗan rumbun SQLite zai amsa tambayoyin ofis guda ba tare da wata matsala ba. Fifikon HDT ba a ƙanƙanta kaɗai yake ba. Yana cikin haɗuwar abubuwa uku a wuri ɗaya: fayil ɗin ƙarami ne, a shirye yake da a tambaye shi yadda ya zo, kuma adiresoshin da ke cikinsa su ne waɗanda sauran duniya ke amfani da su. Fayil ɗin Bebeji da na Doguwa da wani yanki da aka yanko daga Wikidata ko rumbun sunayen wurare na GeoNames za su zauna gefe da gefe, a yi musu tambaya guda, ba tare da wani ya zauna daidaita ginshiƙan jadawali ba. Jami'in da ke son sanin makarantun da ke mazaɓun da ba su da asibiti yana buƙatar bayanan hukumomi biyu ko uku, kuma a nan ne jadawalin ofis guda yake gazawa.

Hanyar rabawa kuwa tana nan tun tuni. A kasuwanni da tashoshin mota, irin su Kwanar Ɗangora inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, masu tura fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai suna cika katin memori kullum, matasa kuma suna tura wa juna fayiloli ta Xender ba tare da data ba. Manhajar Kiwix ta riga ta nuna cewa ana iya ɗaukar Wikipedia sukutum a fayil guda a karanta ta inda babu intanet. HDT yana yi wa bayanai masu alaƙa irin wannan hidima. Giɓin da ya rage shi ne na manhaja: kayan aikin da ake da su, na C++ da Java da Python, an yi su ne don masana, babu wata sananniyar manhajar waya da malamin makaranta zai buɗe ya yi tambaya da Hausa.

5. Inda tsarin yake da rauni

Fayil ɗin HDT ba ya karɓar gyara. Tunda lambobin ƙamus sun dogara da jeri, shigar da suna ɗaya a tsakiya yana ture duk lambobin da ke bayansa, saboda haka kowane canji yana nufin sake gina fayil. Ga bayanan kudancin Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abubuwan da ake ɗauka tabbatattu suna canzawa. A 2019, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu ta sa Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ƙarƙashin masarautar Rano. A watan Mayun 2024 majalisar dokokin jihar ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu. A 2021 hukumar zaɓe ta ƙara rumfuna har suka kai 176,846 a faɗin ƙasa. Fayil ɗin da aka gina a tsakanin waɗannan lokuta zai ci gaba da faɗin abin da ya sani muddin yana cikin katin wani, kuma zai faɗe shi da cikakken tabbaci. Shafin intanet ana gyara shi a wuri ɗaya kowa ya gani, amma kwafin da ya bazu ba ya dawowa.

Maganin yana da fuska biyu. Ta farko ita ce a ɗauki kwanan watan da ke goshi da muhimmanci, duk manhajar da ke nuna amsa ta nuna shi tare da amsar. Ta biyu ita ce a rubuta lokaci a cikin bayanan kansu. Jumla mai gaɓa uku ba ta da gurbin "daga yaushe zuwa yaushe", don haka Wikidata take mayar da maganar kanta abu mai adireshi, ta rataya mata lokacin farawa da na ƙarewa da majiya. Wannan yana ninka yawan jumloli sau da yawa, amma ga duk abin da ya shafi iyaka da sarauta da riƙon muƙami, nauyi ne da ya kamata a ɗauka. Fayil mai cewa Doguwa ta kasance a masarautar Rano daga 2019 zuwa 2024 ba ya tsufa, wanda ya ce tana can kawai kuwa ya tsufa tun ranar da aka soke dokar. Masu bincike sun samar da kayan rage wahalar sabuntawa, kamar HDTCat mai haɗe fayiloli biyu ba tare da cin ƙwaƙwalwa mai yawa ba, da OSTRICH mai ajiye tushe guda tare da jerin canje-canje.

Gina fayil yana cin ƙwaƙwalwa fiye da karanta shi nesa ba kusa ba, domin sai an tattara kalmomin duka an jera su. Ga bayanan jiha guda kwamfutar cinya ta isa.

Akwai kuma bayanan da HDT bai dace da su ba sam. Ma'aunin tsayin ruwa a Tiga, ko yawan ruwan da ake saki zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura, abu ne mai gudana, kowace sa'a da sabon adadi. Irin wannan yana buƙatar tsarin da ke matse jumloli yayin da suke tafiya, kamar RDF Thrift na manhajar Apache Jena ko Jelly da aka ƙirƙiro a Poland, waɗanda ke da saurin rubutu da karatu amma ba su da fihirisa. Abin da ya dace shi ne a tattara da waɗannan, idan kaka ta yi ko shekara ta cika a rufe littafin a mayar da shi HDT.

Matsalar da ta fi shafar Hausa kai tsaye ita ce ta haruffa. Ƙamus yana jera kalmomi bisa lambar bait, ba bisa abacadar Hausa ba. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowanne bait biyu ne a tsarin UTF-8, kuma suna faɗawa bayan z. Ɗangora da Dangora za su zauna nesa da juna, su sami lambobi daban, mai neman ɗaya ba zai ga ɗayar ba, alhali takardun gwamnati galibi ba sa sa lanƙwasa. Alamar ɗauri da ke cikin Nata'ala da Ba'awa da 'Yaryasa tana da siffofi uku ko fiye a kwamfuta, ido yana ganinsu ɗaya, ƙamus yana ganinsu daban. A Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Ga kuma ajami, wanda har yanzu da shi mutane da yawa a karkara suka fi sakewa. Matsi ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da aka ba shi yake adanawa. Dole kafin a gina fayil a tsayar da siffa guda ta kowane harafi, a ba kowane wuri suna ɗaya na asali da daidaitacciyar Hausa, sannan a rataya masa sauran rubuce-rubucen a matsayin laƙabi, kowanne da alamar harshe da ta irin rubutu.

6. Aikin da ke gaban matsi

Daga abin da ya gabata, aikin da ya fi wuya ba na kwamfuta ba ne. Mayar da jumloli zuwa HDT umarni ɗaya ne da ke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi. Abin da ke cin lokaci shi ne tabbatar da cewa Marakun da ke cikin jerin makarantu ita ce Marakun da ke cikin jerin asibitoci, kuma wannan sai wanda ya san ƙasar: dagatai da masu unguwanni, malaman firamare, ma'aikatan rigakafi da suka taka kowace ruga da ƙafa. Ƙananan hukumomi da manyan garuruwa sun riga sun sami lambobi a Wikidata, kuma ya fi kyau a yi amfani da su a kan a ƙirƙiro sababbi. Ƙananan ƙauyuka da unguwanni su ne ke buƙatar mai ba su adireshi, kuma mai ba da adireshi dole ya kasance cibiya mai ɗorewa, wadda za ta riƙe sunan shafinta shekaru da yawa. Jami'a irin ta Bayero, ko hukumar ƙididdiga ta jiha, ta fi dacewa da wannan amana fiye da shirin tallafi mai wa'adin shekara uku, wanda adiresoshinsa kan mutu tare da kuɗinsa.

Sai batun izini. Bayanan Wikidata an sake su ga kowa ba sharaɗi, na taswirar OpenStreetMap kuwa suna da sharaɗin ambaton tushe da kuma sakin abin da aka gina a kansu bisa irin wannan izini. Haɗa su a fayil guda yana ɗora wa fayil ɗin sharaɗin da ya fi tsauri, shi ya sa ya fi dacewa kowane tushe ya zauna a fayil ɗinsa, da izininsa rubuce a goshi.

Sauƙin kwafi da ya sa HDT ya dace da karkara shi ne kuma ya sa bai dace da bayanan mutane ba. Tsarin ba shi da makulli a cikinsa, wanda fayil ya shiga hannunsa ya mallaki duk abin da ke ciki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a gyara ko a share bayanansa, haƙƙin da ba zai yiwu a cika shi ba a fayil ɗin da ya riga ya bazu. Sunayen marasa lafiya, jerin masu karɓar tallafi da lambobin waya ba su da gurbi a ciki. Ko bayanan da ba su ambaci sunan kowa ba suna buƙatar tunani a yankin da ya sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane a kewayen dajin Falgore: lambar taswirar ruga tare da adadin dabbobinta bayani ne da zai iya jawo wa masu ita bala'i. Irin wannan ana tattara shi zuwa matakin mazaɓa kafin a wallafa, cikakkensa kuma ya tsaya a hannun hukumar da ke da alhakinsa.